Tef Ɗin Tela Na Biyu

Shekara talatin da huɗu ke nan ina gudun faifan nan, shi kuma yana bi na. In na shiga tasi, shi direba ya sa. In na zauna wurin aski, kafin a gama ɗaura mini ƙyalle a wuya an kunna shi. Kwanakin baya wata yarinya a kemis, wadda na tabbata ko auren iyayenta ba a yi ba lokacin da muka ɗauke shi, tana zuba mini ƙwayoyin hawan jini a leda tana bin waƙa ta uku ƙasa-ƙasa. Da aka zo wurin da Tela ya yi tuntuɓen baiti ya yi dariya, ita ma sai da ta yi dariyar.

Na ce, "'Yata, wannan fa kuskure ne."

Ta ce, "Baba, ai nan ne ya fi daɗi."

Na karɓi maganina na fita. Ban gaya mata ni na ɗauki faifan ba.

Ni injiniyan sauti ne, ko in ce na taɓa zama, domin yanzu rediyo da fitila nake gyara wa maƙwabta a barandar gidana. Shi kuwa Tela, tela ne na gaske, mai almakashi da awo rataye a wuya. Yana da tsohuwar jita da yake kaɗawa in ɗinki ya yi sauƙi, kuma waƙoƙinsa shi yake ƙirƙirar abinsa. Wani abokin Manajan situdiyonmu ne ya ji shi ya kawo labari. Manaja bai ga dalilin da zai hana manyan makaɗa ɗakin situdiyo saboda mai ɗinka wando ba, sai ya ce in ɗauki ƙaramar na'ura da makirfo ɗaya in je can shagon in ɗauko abin da ya samu.

A ɗakin bayan shago muka yi, inda suke tara yadi. Mun fara bayan ƙarfe biyu, kafin rana ta faɗi mun gama waƙa tara. Wallahi ranar raina a ɓace yake. Fanka tana ƙugi, na kashe, Tela ya ce zafi zai hana shi numfashi, na mayar. Kujerar da ya zauna a kai tana kuka duk lokacin da ya gyara zama. Abokin aikinsa a shagon gaba ya yi alkawarin zai dakata da keke, amma mai riga ya zo ya tsaya masa a ka, don haka a waƙa ta shida ana jin keken ɗinki daga farko har ƙarshe. Ko hoton bango bai tsira ba. Mai hoto ya zo ya tarar Tela ya tafi kai wa wani kaya, ya gaji da jira, ya ɗauki kujerar da jita a jingine ya tafi. Shi ya sa har gobe ba wanda ke kiran faifan da sunan da muka sa masa. Mai Kujera kawai ake cewa.

Waƙoƙin ma ba wani babban zance a cikinsu. Ɗaya a kan wandon da mai shi bai dawo karɓa ba. Ɗaya a kan mahaifiyarsa ranar da ta fara miƙo masa allura ya zura mata zare, tana cewa wai hasken ɗakin ne bai isa ba. Ɗaya a kan mutumin da ya fito da wuri don kada mota ta bar shi, ya zauna a tasha barci ya ɗauke shi. Na ce a raina wannan kaset ko sati biyu ba zai yi a kasuwa ba. Kafin wata uku injin kwafinmu ya fara zafi yana tsayawa, ba ma iya cika abin da ake nema.

Na daɗe ina cewa mutane ba su da kunne. Ni abin da nake ji a faifan shi ne fanka da kujera da keke, wato kunyata a gaban abokan sana'a. Wani direba ya taɓa ce mini, "In na sa shi, ji nake kamar mutumin yana zaune a kujerar baya yana ba ni labari, ba na jin nisan hanya." Na yi masa kallon wanda bai san komai ba. Sai da tsufa ya fara cin nawa kunnen sannan na gane shi ne ya ji faifan, ni ban taɓa jinsa ba. Amma wannan ganewar ta zo a makare.

Shekara guda bayan fitowar Mai Kujera, wata Talata da safe, Tela ya shigo situdiyo da jitarsa a cikin jakar da ya ɗinka mata da guntayen yadi. Ya ce yana da sababbin waƙoƙi goma sha ɗaya. Ba ya rubutawa, a ka yake ajiye su. Na ɗora sabon tef, irin babban nan mai naɗi wanda muke kira uwa, domin daga shi ake fitar da sauran kaset-kaset. Ya zauna shi kaɗai ya rera su a jere, bai tsaya ko shan ruwa ba.

Da ya tafi na shiga ofishin Manaja na ce wannan karon za a yi aiki irin na masu hankali. Muka kawo masu ganga biyu, mai piyano, masu busa uku, da 'yan amshi mata huɗu. Cikin waƙoƙinsa goma sha ɗaya biyu kaɗai muka ga za su ɗauki rawa, su ma sai da muka ƙara musu gudu. Sauran tara muka ajiye, Manaja ya samo wasu daga wurin wani mai rubuta wa mawaƙa. Tela bai yi musu ba. Shi mutum ne da in ka kai masa yadi ka ce ga yadda kake so, haka zai yanka ko da ya san ba zai yi maka kyau ba.

To, a lokacin uwar tef wuyar samu gare ta. Daga waje ake kawo ta, wani lokaci a yi wata biyu babu. Al'adar kowane situdiyo ita ce tef ɗin gwaji ba a ajiye shi, ana ɗora aikin gaske a kansa. Na'urar tana gogewa tana ɗauka a lokaci guda, tsohon sauti yana shiga ta nan, sabo yana fita ta can. Ranar Alhamis makaɗa suka hallara, na miƙa hannu kan kanta na ɗauko tef ɗin Talata na ɗora. Ba wanda ya sa ni. Ko gezau ban yi ba.

Faifai na biyu ya fito tas, babu fanka, babu kujera, babu tuntuɓe. Na riƙa sa wa abokaina shi ina kallon fuskokinsu. Yau in ka tsayar da mutum ɗari a titi, ba za ka samu ɗaya da zai kawo maka baiti guda daga cikinsa ba. Na uku ma haka. Tela ya koma kan kekensa, waƙoƙin nan tara bai sake rera su ko'ina ba. Bai taɓa yi mini maganar ba. Shi ya ci gaba da ɗinka wa 'ya'yana kayan makaranta, in na je karɓa ya ja mini kujera ya aika a kawo shayi. Wannan kirkin nasa ne ya fi ƙarfina. A hankali na koma aika yara, daga baya na canza tela gaba ɗaya, na ce wa matata wai wancan ya yi nisa.

Watan jiya, ranar Asabar da hantsi, ina baranda na buɗe cikin wata rediyo, sai ga wata mata ta yi sallama. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce ita ce autar Tela, malamar makaranta ce. Da ta ɗago na ga goshinsa sak.

"Baba Injiniya, wata biyar ke nan Baba yana kwance. Ɓarin jiki ne ya shanye, na dama. Magana ma ta tafi, sai kalma ɗaya biyu, su ma da ƙyar."

Na yi salati, na ce ban ji ba. Gaskiya ne ban ji ba, amma ai ni na toshe hanyar da zan ji.

Ta ce, "Kullum da rana ina sa masa Mai Kujera. In ya ƙare sai ya ɗaga yatsu biyu. Na ɗauka so yake a maimaita, in na maimaita ya kau da kai. Shekaranjiya ya yi ta fama har ya fitar da maganar. Ya ce, 'Na biyu.' Ya huta ya ce, 'Injiniya.' Na tambayi Yaya, ya ce yana yaro ya taɓa jin Mama tana cewa akwai wasu waƙoƙi da Baba ya yi shi kaɗai a wurinku, ba su fito ba. Baba, suna nan?"

Sukudireba tana hannuna, na riƙa juya ta. Da na ce mata na goge, da an wuce wurin tun ranar. Amma bakina ya riga ni.

"Kayya, 'yata. Lokacin da aka tashi situdiyo kaya da yawa sun salwanta. Ina jin a nan ya ɓace."

Ta gyara mayafinta. "Allah sarki. To ko na biyun da ya fito, mai makaɗa, kana da uwarsa? Kaset ɗinmu ya tsinke tuntuni, kuma na nema ko'ina babu. Wataƙila in ya ji shi hankalinsa ya kwanta. In ya so in kwafe a kwamfuta mu ajiye."

Na ce wannan kam yana nan. Muka sa ranar Laraba.

Tana fita matata ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Injiniya, kai ne abu ya ɓace maka? Kai da fis ɗin lantarkin da ya ƙone tun kafin a haifi babban ɗanmu yana cikin gwangwani a ƙarƙashin gado?"

Na ce ta koma kan tukunyarta. Ta koma, amma sai da ta tsaya ta kalle ni tukuna.

Na kwana uku ina shirya tsohuwar na'urar. Na goge kawunanta da auduga, na canza bel, na sa mai. Tef ɗin yana saman kwaba a cikin kwalinsa, da rubutun hannuna a jiki. Ranar Laraba na ɗauki tasi, direba ya taimaka mini muka sa na'urar a but ɗin mota, yana tambaya ko injin niƙa ne.

Ɗakin Tela ƙarami ne, taga ɗaya, gado ɗaya, da kujerar roba da aka yi wa matashi. A kanta na same shi. Mutumin da na sani dogo mai faɗin kafaɗa ya koma kamar rigar da aka rataye a ƙusa. Hannun dama yana kan cinya a lanƙwashe, bakin ya karkace kaɗan. Amma da ya gan ni idonsa ya yi haske, ya miƙo hagu, na riƙe da hannu biyu.

"Tela, sannu. Sannu da jiki. Ka gan ni sai yau."

Ya jijjiga hannuna. Sannan ya saki, ya kama bakin hannun rigata ya juya ɗinkin ya duba, ya taɓe baki. Auta ta fashe da dariya. "Baba ya ce telanka bai iya ba." Ni ma na yi dariya.

Na ɗora na'urar a kan tebur, na zura tef, na haɗa waya zuwa kwamfutar Auta. Tela yana bin hannuna da ido, yana kallon tef ɗin nan kamar mai jiran baƙo a tasha. Sai a lokacin na gane abin da na yi. Shi ya ɗauka waƙoƙinsa na kawo. Na dubi Auta, ta sunkuyar da kai, ashe ba ta iya gaya masa ba.

Na danna. Ganguna suka barke, masu busa suka biyo, 'yan amshi huɗu suka cika ɗakin. Ina kallon fuskarsa lokacin da hasken ya janye. Bai kau da kai ba, bai ɗaga hannu a kashe ba. Ya dai jingina ya lumshe ido, ya zauna cikin haƙuri, irin zaman da ya yi mana a situdiyo muna koya masa inda zai shiga a waƙar wani. Minti talatin da takwas muka yi a haka. Sautin tas yake, ko ƙura babu, kuma ban taɓa jin abin da ya yi mini nauyi a kunne kamarsa ba.

A sana'armu, inda aiki ya ƙare a jikin tef muna soke 'yar farar takarda, in ta zo sai a tsayar. Duk kwafin da na yi a da, a nan nake tsayawa in mayar baya. Takardar nan ta daɗe da ruɓewa ta faɗi, ni kuma idona yana kan Tela, ba kan na'ura ba. Waƙar ƙarshe ta mutu, tef ya ci gaba da tafiya. Aka yi shiru na ɗan lokaci, sai wani ɗan ƙas, sai jita.

Jita ɗaya, da murya ɗaya, a tsakiyar baiti.

Aikin makaɗa ya fi na Talata gajarta. Na'ura ta goge iya inda muka tsaya ranar Alhamis, abin da ke gaba ba ta taɓa shi ba. Wutsiyar waƙa ta goma sha ɗaya ce, tana kwance a wurin shekara talatin da uku, a saman kwabata.

Muryarsa ce ta ƙuruciya, ba ya ɗaga ta, kamar yana magana da wani a bakin ƙofa. Yana cewa wata ta bar masa ƙofa a buɗe, shi kuma ya wuce yana laluben makulli a aljihu. Ya maimaita, jitar ta sauka a hankali, ya ja numfashi, ya ƙara wani baiti a kan takalmanta da ya gani a waje ya san tana ciki. Auta ta dafe baki da hannu. Tela ya buɗe ido ya miƙe zaune, leɓɓansa suna motsi, ba abin da ke fita. Duka bai wuce minti ɗaya ba, jitar ta tsaya.

Hannuna ya tafi zai kashe, bai kai ba. Muryar Tela ta fito daga lasifika, da 'yar kunya a cikinta.

"Injiniya, ya yi?"

Sai wata murya ta amsa, mai kaifi, mai sauri, ta saurayin da ya san komai. Na ɗan jima kafin na yarda tawa ce.

"Ba laifi. Ai gwaji ne. Jibi zan sa a kawo makaɗa mu ɗora na gaske a kansa."

"A kansa?"

"Eh mana, tef ba ya samuwa."

Tela ya ce, "To. Kai ka san aikinka."

Tef ya ƙare, bakinsa ya riƙa dukan na'ura, fat, fat, fat, har na sa hannu na tsayar.

A waje wata mata tana kiran ɗanta ya zo ya ɗauki bokiti. Na kasa ɗaga ido in dubi Auta, na ce da tebur, "Bai ɓace ba, 'yata. Ni na goge. Ƙarya na yi miki ranar Asabar."

Sai Tela ya buga hannun kujera da hagunsa. Na ɗago ina jiran duk abin da zai yi mini, na san na ci. Sai ya ɗaga yatsa ɗaya ya juya shi a iska, baya-baya. A mayar.

Na mayar, na nemo wurin, na sa. Da jitar ta tsaya na kashe da sauri kafin maganar ta zo. Ya sake juya yatsa. Na sake. Sau shida muka yi, kowane karo leɓɓansa suna bi, kuma in sautin ya yanke ba sa tsayawa nan take, sai su koma farkon waƙar, wurin da babu shi a tef, su yi ta motsi. Yana da ita duka a kansa, da ita da sauran takwas ɗin, ga su nan a bayan haƙoransa, ba hanyar fita. A na shidan hawaye ya gangaro ta gefen da ya shanye, Auta ta goge masa da bakin mayafi.

Da ya gaji ya jingina, ta tashi ta raka ni tsakar gida in sha iska. Ta kawo mini ruwa a kofi, ta tsaya har na sha. Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga ma da ya fi mini sauƙi.

"Baba, guda nawa ne ba su fito ba?"

"Tara."

"Mama ta rasu, Yaya bai taɓa jinsu ba. Duk duniya kai kaɗai ya rera wa." Ta shiga ɗaki ta fito da littafin makaranta da biro, ta durƙusa a gabana ta buɗe sabon shafi a kan gwiwarta. "Ba sai da kiɗa ba. Ko baiti ɗaya ne, ko a kan me suke magana. In na karanta masa farkon, wataƙila ya gyaɗa kai ko ya girgiza, mu riƙa haɗawa a hankali. Me ka tuna?"

Na rufe ido na koma ranar Talatar. Na ga ɗakin, na ga gilashin da ke tsakanina da shi, na ga jakar guntayen yadi a ƙasa. Na tuna makirfon da na sa masa da tazarar da na ba shi. Na tuna mitar sauti, yadda take hawa tana sauka, da yadda na yi ta murna ba ta taɓa ja ba ko sau ɗaya. Minti arba'in mutumin nan yana rera mini abin da ya fi kowane abu da ya mallaka, ni kuma ina kallon mita.

Auta tana riƙe da biro a kan takarda tana jira.

Na ce, "'Yata, ban saurara ba."